Baƙuwar Bayan Madafi

Shekarar da Inna ta daina cin abinci, ni ce na ɗaure kayana daga Ƙofar Kaura na koma gidanmu na Ƙofar Marusa jinya. Ciwon ba shi da wani suna mai ban tsoro. Zazzaɓi ne ya kwantar da ita wata guda, da ya tashi tafiya sai ya tafi da bakinta. Likita ya duba, ya sake dubawa, ya ce magani ya gama nasa aikin, saura abinci, kuma idan ba ta ci ba babu abin da zai iya yi mana. A bakin ƙofa ya faɗa, murya ƙasa-ƙasa, ni da ƙanena muna tsaye, kowa ya sunkuyar da kai.

Ni ce 'yar farinta, don haka Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. A ɗakin kakata na tashi, cikin gida ɗaya da uwar da ta haife ni, ina kallon ƙannena suna hawa cinyarta suna sauka. Idan tana son in kawo mata ruwa, bango take kallo ta ce, "Ko akwai mai ba mutum ruwa a gidan ga?" Ban tuna ranar da hannunta ya taɓa fuskata ba. Na san kunya ce irin ta mutanen da, ba ƙiyayya ba, amma sanin bai hana ni jin haushi ba. Ga shi har na yi furfura ina koyar da 'ya'yan mutane a firamare, ina nan ina jin abina.

Babu abin da ban dafa ba. Kunun gyaɗa, farfesun kaza, fate, dambu, fura mai sanyi da nono. Ƙanena kuwa gwangwanayen madara yake ta jidowa yana jerawa a kan akwatinta, wai ko za a dace. Inna takan kai cokali ɗaya baki, ta juya shi, ta haɗiye da ƙyar, ta ture kwanon da bayan hannu ta ce a ba akuya. Akuyar gidanmu ta yi ɓul-ɓul a watan nan, gashinta har sheƙi yake. Awarwaron Inna kuma, wanda na san shi a matse a wuyan hannunta, ya riƙa zamewa har gwiwar hannu duk lokacin da ta ɗaga hannu ta yi addu'a.

Wata rana bayan azahar, farkon bazara, muna ƙarƙashin rumfa, ita a kwance ni ina mata fifita. Zafi ya kwantar da unguwa gaba ɗaya, ko kukan babur ba a ji. Na ɗauka barci take, sai na ji ta tana magana da rufin rumfa.

"Kuɓewar yanzu ba kuɓewa ba ce. Takin zamani ya busa ta, ta yi tsawo a banza, ba yauƙi ba ƙamshi. Ta garinmu gajera ce, mai gashi-gashi. In an kaɗa ta, tun daga zaure ake sanin gidan da anka yi."

Na tsayar da mafici na ce, "Inna, in an samo za ki ci?"

Can ta ce, "Wa ya sani." Sai ta ce da wani zai buɗe kwallar ƙasa a jerenta, da ya ga wani ƙulli. Na je na sauke kwanukan ɗaya bayan ɗaya. A can ƙasa na tarar da tsumma a ƙulle, cikinsa irin kuɓewa guda ashirin da biyu, baƙi-baƙi, ƙanana. Ƙanwarta ce ta aiko mata daga ƙauye shekarar da za ta rasu. Na riƙe su a tafin hannuna kamar na riƙe maganin da likita ya ce ba shi da shi.

Sai dai ina zan shuka? Ƙanena ya malale tsakar gidanmu da siminti tun shekarun baya, saboda taɓo, kuma har yau yana alfahari da aikin. Babu ko taku ɗaya na ƙasa. Wata malama da muke koyarwa tare, wadda ke da tumatir da alayyafo a bayan ɗakinta, ita ta ce in shuka a buhu, amma in haɗa takina da kaina tunda mai ci ba ta son na zamani. Ta zauna ta koya mini a baki. A samu wuri mai inuwa, a shimfiɗa busasshen abu, ganye ko ƙaiƙayi ko ɓawon gyaɗa, a ɗora ɗanye a kai, ɓawon kayan miya da makamantansu, a barbaɗa kashin akuya da 'yar toka, a yayyafa ruwa, a sake maimaitawa har ya cika. Duk mako a juya. Ta ce kada in kuskura in sa dafaffen abinci ko mai ko nama, ɓeraye zai tara mini. Na tambaye ta tsawon lokacin da zai ɗauka. Ta ce wata uku, in an yi sa'a biyu da rabi. Ni kuwa ban san ko Inna tana da wata uku ba.

A bayan madafi akwai wata tsohuwar randa da ta tsage a gindi, tun ta kayan auren Inna, an kife ta an manta. Na tayar da ita, na wanke, na ɗora ta a kan bulo biyu don ruwa ya riƙa tsiyayewa ta tsagar. Na shimfiɗa busasshen ganyen dogon yaro da na sharo a ƙofar gida. Sannan na juya in ɗebo ɗanye, sai na gano wani abu da ban taɓa lura da shi ba duk zamana a gidan: mu ba ma zubar da komai. Ɓawon dankali na akuya ne. Ruwan wankin shinkafa na akuya ne. Ƙanzo a shanya shi a kan kwano ya bushe, akwai ranarsa. Tsakin masara na kaji, toka ta wanke tukunya, gwangwani ya zama ma'auni, tsohon zane ya zama tsumma, tsumma ya zama abin sauke tukunya har ya ƙone. Leda kaɗai ke fita daga gidanmu, ita kuma ba ta ruɓewa. Malamar nan ta koya mini yadda ake mai da shara taki, ga ni a gidan da ba shi da shara.

Na fara satar ɓawo daga bakin akuya. Tana tsaye a turke tana kallona ina wucewa da rabonta, kallon da har yau ban manta ba. Bai isa ba, sai na ɗauki buhu na tafi Babbar Kasuwa wajen masu kayan miya, inda ake watsar da ganyen kabeji da ruɓaɓɓen tumatir da ɓawon albasa. Wani dattijo da nake saye a wurinsa ya ga ina tsince-tsince da hijabina mai guga, muka gaisa, ya tambayi gida da mai jiki da zafi, sannan ya ce, "Hajiya, awaki nawa gare ki haka?"

Na ce, "Randa gare ni, Malam."

Ya dube ni, ya dubi buhun, ya ce, "To, Allah shi ba ta lafiya." Bai bayyana ko randar yake nufi ko ni ba, amma daga ranar kullum yakan ware mini tari a gefe.

Saboda ina sauri, na ga kamar in na ƙara ruwa zai fi saurin ruɓewa. Na riƙa kwarara mata safe da yamma. Kwana goma bayan nan bayan madafi ya ɗauki wani wari da ba zan iya kwatanta shi ba, ƙudaje suka yi sansani, maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga tana tambaya ko masai ne ya fashe. Inna tana kwance a rumfa ta ja mayafi ta rufe hanci.

"Wace baƙuwa ce anka sauke mana a bayan madafi, ba ta wanka?"

Na yi mata bayani, ina jiran faɗa. Sai na ga ta ɗan ɗago kai, abin da ta kwana biyu ba ta yi ba. Ta dubi bango ta ce, "Juji anka so a yi, shi ne anka sa shi cikin randa kamar tsimi. Juji ba shi son ruwa haka. A zuba mashi busasshe, a juya shi daga ƙasa, a bar shi ya sha iska. In an damƙa a hannu ya haɗe amma bai ɗiga ba, to ruwan ya isa."

Na samo guntun taɓarya na juya, na ƙara ƙaiƙayi da ganye. Cikin kwana huɗu warin ya lafa. Sunan kuwa ya zauna: baƙuwarki. Kowace safiya Inna sai ta tambayi bango ko baƙuwar ta kwana lafiya.

Amma abinci dai tana nan tana turewa. Wata ranar Juma'a na tuƙa mata tuwon dawa mai laushi, malmala ɗaya 'yar ƙarama, da miyar kuka da man shanu. Tun safe nake tsaye, ga zafi, ga bayana yana ciwo. Ta gutsiri abin da bai kai loma ba, ta ture kwanon ta ce a ba akuya. Raina ya ɓaci irin ɓacin da ban san ina da shi ba. Na sunkuci kwanon na miƙe.

"Akuya ba za ta ƙara gani ba, Inna. Na gaji da kiwon akuya da man shanu. Randa zan kai wa."

Na juya na nufi bayan madafi ina huci. Ban yi taku biyar ba na ji wata murya da na yi watanni ban ji ba, muryar da take tsawata wa ƙannena da ita muna yara.

"Ke! Dawo da shi!"

Na tsaya.

"Ina raye za a zuba hatsi ga juji? Ɓawo daban, tuwo daban. Kin san abin da za ki ce ma Ubangiji?"

Inna ta ga yunwa tana yarinya a ƙauye. Ba ta cika ba da labarin ba, amma duk mun tashi mun san cewa idan ƙwayar gero ta faɗi a tsakar gida, sai ta tsuguna ta tsince ta, ko da tana ɗauke da tulu. Abincin da ya shiga cikin akuya a wurinta bai ɓata ba, rai ya ci. Amma a ɗauki dafaffen tuwo da hannu a jefa cikin ruɓa, wannan ba za ta iya kallo ba. Na dawo na dire kwanon a gabanta na ce, "To ko cikinki ko randa." Ta harari bango, ta ja kwanon, ta cinye malmalar nan tas tana mita, tana cewa ilimin boko bai bar wa mutane tsoron Allah ba. Ni kuma na shige madafi na toshe bakina da gefen zane, ina dariya hawaye na zuba.

Na san ba zan taɓa zubawa ba. Ko ba don zunubi ba, ai malama ta gargaɗe ni da ɓeraye. Amma daga ranar na samu dabara. Kullum in ta ture kwano sai in ɗauka ba tare da na ce uffan ba, in nufi bayan madafi a hankali. Taku uku, taku huɗu, wani lokaci har in kai kwanar madafi, sannan in ji, "Dawo da shi." Akuya ta fara ramewa. Awarwaro ya daina kaiwa gwiwar hannu.

Watannin nan na bazara, in na tuna su yanzu, kamar rana ɗaya ce doguwa da ba ta faɗuwa. Bayan azahar nakan je in juya randa, in cusa hannu har wuyan hannu in ji ɗumin da ke cikinta, ɗumin da ba na rana ba ne, nata ne na kanta. Ganyen kabeji da na sani jiya ya zama wani abu da ban gane ba. Ɓawon albasa ne mai taurin kai, shi da ɓawon ƙwai, sukan daɗe suna nuna kansu. Sai in damƙo kaɗan in kai wa Inna a murfin kwano. Takan rufe ido ta shaƙa, ta daɗe, sannan ta ce, "Bai nuna ba." Amma ba ta buɗe idon nan da nan. Daga nan sai ta tafi garinsu, ni kuma in zauna da mafici in bi ta.

Ta ce a bayan gidan babanta akwai juji da ya fi mutum tsawo, shara da toka da kashin tumaki na shekara guda. Da asuba in an tona gefensa sai ka ga tururi na tashi, kaji su zo su kwanta a ramin don ɗumi. Kafin ruwa ya sauka a zo da jakuna da mangala a kwashe shi zuwa gona, yara na bin su a baya. Inda aka kwashe kuwa, da ruwan farko sai kabewa da kuɓewa da yakuwa su tsiro da kansu, ba wanda ya shuka, kuma miyarsu ta fi ta gona. Ta kira sunayen matan gidan ɗaya bayan ɗaya, waɗanda duk sun riga mu, tana faɗin wadda ta iya kaɗa miya da wadda ba ta iya ba. Wani lokaci sai maganar ta yanke a tsakiya, barci ya ɗauke ta da murfin kwanon a kan ƙirji. Ni ma nakan yi gyangyaɗi a jingine da ginshiƙin rumfa, in ga kamar simintin tsakar gida ya tafi, jakuna na shigowa ta zaure, wata yarinya mai kitso biyu tana bin su da gudu. Sai kiran la'asar ya dawo da mu Ƙofar Marusa. Shekarata hamsin a duniya, ban taɓa jin ta yi magana mai tsawo haka a gabana ba, ko da yake rufin rumfa take gaya wa.

Haƙurina ne ya ƙare kafin takin ya nuna. Hadari ya fara haɗuwa a gabas yana watsewa, Inna kuma ta yi kwana biyu tana tari. Tsoro ya kama ni. Ba tare da na kai mata ta shaƙa ba, na ɗebi takin na haɗa da jar ƙasa da yashi a buhu uku, na shuka iri goma sha biyar. Tara suka tsiro, na yi ta murna a ɓoye. Kafin mako ya zagayo ganyensu ya yi rawaya, bakinsa ya ƙone, suka kwanta ɗaya bayan ɗaya. Da na cusa yatsa cikin buhun na ji ɗumi, takin bai gama dafuwarsa ba, ya dafa mini jijiyoyin. Na tsuguna a wurin na yi kuka sosai, don na san abin da na ƙona ba ya sayuwa a kasuwa.

Dole na gaya mata. Ta ce, "Nawa sunka rage?"

"Bakwai."

"A kawo mani su nan." Ta ƙulle su a bakin zanenta da kanta. "Wasu mutane tun ranar da anka haife su suke da gaggawa. Ko wata tara ba su bari ya cika ba."

Ban taɓa sanin cewa ban cika wata tara ba. Ban taɓa jin ta ambaci haihuwata ba ma, ko da wasa. Na koma bayan madafi na zauna kusa da randa na daɗe ina juya maganar.

Mako uku bayan nan na cusa hannu na ji sanyi. Takin ya yi baƙi, ya yi laushi, yana warwatsewa a hannu, ya sauka har rabin randa. A ƙasa na tono gwazarma biyu, manyan tsutsotsin juji, farare, masu ƙiba, sun naɗe. Na kai wa Inna a murfin kwano har da su. Ta shaƙa, ta sake shaƙa, na ga fuskarta ta saki.

"Ka ji ƙamshin ruwan farko," in ji ta. "Ya nuna."

Ta ce a haɗa kashi ɗaya na taki da kashi biyu na ƙasa, a huda gindin buhu, a jiƙa irin ya kwana a ruwa. Da safe ta sa na jawo buhunan har bakin tabarmarta. Ita ta huda ramukan da ɗan yatsanta, ta saka, ta rufe, ta yi bisimilla. Kwana biyu bayan nan ruwa ya sauka a Katsina, irin mai ƙarfin nan da ke cika lungunan unguwarmu.

Biyar suka tsiro, huɗu suka rayu. Na jera su inda za ta riƙa ganinsu daga rumfa, na kewaye da tsohon gidan sauro saboda kaji da akuya, wadda ke da tsohuwar ƙullalliya da ni. Kullum da safe Inna kan tambayi bango ko an ƙara ganye. Suka kai gwiwa, suka kai ƙugu, ganyensu faffaɗa mai kaushi. Wata safiya fure ya buɗe, ruwan ƙwai mai haske da jan ciki, kafin la'asar ya rufe ya faɗi, ya bar ɗan ƙaramin kai a wurin.

Sai dai kuɓewa na hawa, Inna na sauka. Tarin bai tafi ba. Tana cin abinci, amma takun da nake yi kafin ta kira ni ya riƙa ƙaruwa, muryar kuma na raguwa, har sai na kasa kunne sosai nake jin "dawo da shi." Ƙanena ya sake kawo likita. Wannan karon bai ce komai a bakin ƙofa ba, ya dai ce a riƙa ba ta abin da take so.

Ranar da na ga 'ya'ya shida sun isa yanka, gajeru masu gashi-gashi kamar yadda ta faɗa, na yanke su da safe tun raɓa ba ta bushe ba, gashin yana sa mini ƙaiƙayi a yatsu. Na yayyanka ƙanana, na kaɗa da daddawa da 'yar kanwa, ban cika mata kayan ƙamshi ba don kada su danne ta. Yauƙin da ta yi, in na ɗaga ludayi sai ya biyo ni bai tsinke ba. Ƙanena da ya shigo gaisuwa ya tsaya tun daga zaure yana tambayar me ake dafawa. Na tuƙa tuwo mai ruwa-ruwa, na tayar da Inna na jingina ta da matashi, na ajiye kwanon a gabanta.

Ta wanke hannu, ta gutsira, ta dangwala, ta kai baki. Ta rufe ido. Na ga maƙogwaronta ya motsa. Ta yi loma ta biyu, ta yi ta uku, a hankali ƙwarai.

"Ita ce," in ji ta. "Wallahi ita ce."

Sannan ta ture kwanon da bayan hannu.

Na ɗauka kamar kullum na miƙe. Taku uku. Taku huɗu. Na rage sauri, ina jan takalmi a siminti don ta ji. Na kai kwanar madafi na tsaya ina jira. Babu abin da nake ji sai kaji da rediyon maƙwabta. Na leƙo. Tana jingine, idonta a buɗe, kuma ba bango take kallo ba.

"Kai ma baƙuwar," ta ce. "Yau kam kai mata. Ai na san dabarar tun ranar Juma'ar nan. Na bi ki ne don kada wahalar ta tashi a banza. Yanzu na ƙoshi."

Na zagaya bayan madafi da kwanon a hannu. Randa tana nan a kan bulonta, na riga na fara cika ta karo na biyu, ganyen kabeji a sama. Na tsaya a kanta. Tuwon hatsi ne, da miyar kuɓewar da aka yi wata biyar ana jira, ga sawun yatsun Inna uku a gefen malmalar. Hannuna ya ƙi karkata. Na tsuguna a wurin, bayana jingine da randa, na ci. Ban taɓa cin abinci ina kuka irin na ranar ba, kuma ba zan ɓoye ba, miyar ta yi daɗi, ta fi duk wadda na taɓa sha. Na cinye, na bi kwanon da yatsa, na share hawaye da hijabi, na jira numfashina ya daidaita, sannan na fito.

Na ajiye kwanon a gefen tabarma na ce, "Na kai mata."

Inna ta dubi kwanon ta daɗe.

"Ashe baƙuwar taki har suɗe kwano take."

Ta ce, "Matso." Na matsa. Ta ce, "Ƙara matsowa." Na durƙusa dab da ita, ina tsammanin matashi take so a gyara. Sai ta ɗago hannu, awarwaron ya zame har gwiwa, ta kama bakin mayafinta ta goge mini miyar da ta maƙale a gefen bakina. Ta goge sau ɗaya, ta sake gogewa ko da yake babu sauran komai, kuma ba ta ɗauke hannun ba.